Baƙo da Ɗan Ƙasa: Tarihin Shige da Fice a Ƙasar Gana

Batun da wannan lacca ta ɗauko shi ne tarihin yadda ƙasar Gana ta riƙa tafiyar da sha'anin baƙi da na kan iyakokinta, tun daga zamanin fataucin goro har zuwa 'yan shekarun nan. Dalilin zaɓen Gana kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ƙasashe kaɗan ne a Afirka suka ɗanɗani wannan al'amari ta fuska biyu kamar yadda ta ɗanɗana shi: ta yi shekaru tana karɓar baƙi hannu bibbiyu, ta wayi gari ta kore su a 1969, sa'an nan bayan shekara 13 aka koro nata 'ya'yan daga Nijeriya, bisa hujja iri ɗaya, da wa'adi iri ɗaya. Ban da wannan, Hausawa suna cikin labarin tun daga farinsa. Abin da ya kamata ɗalibi, da ma'aikacin gwamnati wanda wata rana takardar wani za ta iso teburinsa, su riƙe a zuci tambaya ce guda: a kowane zamani, da me mutum yake tabbatar wa hukuma cewa yana da ikon zama inda yake zaune? Amsar ta sake sau da dama, alhali waɗanda ake yi wa tambayar, su da 'ya'yansu da jikokinsu, suna nan inda suke.

Kafin a ja layi

Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15, amma a ƙarni na 19 ne fataucin ya kai ƙarfinsa. Ayari kan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato a ƙarƙashin madugu, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya bi ta Yandi, har ya sauka Salaga bayan tafiyar watanni. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi suna a wannan sana'a. Sukan kai kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, har da bayi, su komo da goro a kan jakuna.

Kuskure ne a zaci cewa a wancan zamani kowa yana shiga inda ya ga dama. Fatake suna biyan kuɗin fito a bakin kowane babban kogi, suna kai gaisuwa ga kowane sarki da suka ratsa ƙasarsa. Sarakunan Asanti kuwa, waɗanda Hausawa ke kira Tonawa, suna da tasu dokar mai tsanani. Itatuwan goro a kurminsu suke, kuma a yawancin ƙarnin nan ba su yarda fataken arewa su kutsa kurmin su saya da kansu ba. An tsayar da su a Salaga, aka zuba dakaru bisa hanyoyin da suka nufi Kumasi. Watau iyaka tana nan, sai dai ba layi ba ce a kan taswira, kasuwa ce da aka ce nan baƙo zai tsaya.

Shaidar baƙo a wannan tsari kuwa mutum ce. Falke kan sauka wurin mai gida, wanda zai ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan rigima ta taso. Bisa masu gida akwai sarkin zango, wanda shi ne ke amsa wa sarkin ƙasa a kan dukan baƙin da ke unguwarsa. Ya kamata a riƙe wannan, gama za a sake gamuwa da shi can gaba.

A 1874 sojan Ingila suka ƙone Kumasi, ikon Asanti bisa arewa ya karye. A 1892 kuma yaƙin basasa ya watse Salaga. Mutanenta suka bazu zuwa Kintamfo da Atebubu da Kete Karachi da bakin teku. Cikinsu har da shahararren malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, wanda ya zauna a Kete Karachi har rasuwarsa a 1934. Daga wannan watsewa, da kuma sojan da Kyaftin Gulba ya ɗauko daga Ikko don yaƙin 1874, waɗanda ake kira Hausawa ko da ba dukansu ne Hausawa ba, zanguna suka yaɗu a garuruwan kudu.

Turawa sun raba ƙasa

Iyakokin Gana na yau Turawa ne suka shata su cikin kimanin shekara 30. A 1888 Ingila da Jamus suka amince su bar yankin Salaga da Yandi ba na kowa ba. A 1898 Ingila da Faransa suka tsai da iyakar arewa kusa da layin digiri 11. A 1899 aka raba yankin nan da aka bari: Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yandi, fadar sarkin Dagwamba, ta faɗa hannun Jamus, aka bar sarki a gefe ɗaya, talakawansa da yawa a ɗaya gefen. Da Jamus ta rasa Togo a Yaƙin Duniya na Farko, sai Ingila da Faransa suka raba ta a 1919. Dagwamba suka sake haɗuwa, amma kabilar Ewe ta kudu ta zauna a rabe. A ƙuri'ar raba gardama ta Mayu 1956, kashi 58 cikin 100 na masu zaɓe a Togon Ingila suka zaɓi haɗewa da Gwalkwas, sunan da Hausawa suka ba ƙasar a zamanin Turawa. Har yau garin Aflawo na Gana da birnin Lome na Togo a manne suke, shingen kwastan kaɗai ya raba su.

Sai dai waɗannan layuka an ja su ne domin kaya da haraji. Abin da ya dami Gwamna shi ne kada giya da bindiga da gishiri su shigo ba a biya kuɗin kwastan ba. Mutum kuwa, musamman mai ƙarfin aiki, maraba ake yi da shi. Bakano ko Bakatsine da ya sauka Kumasi yana ƙarƙashin tutar da ya baro a gida, kuma tun daga 1912 kuɗin da ke aljihunsa hukuma guda ce ke buga su domin Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. Babu mai tambayarsa fasfo.

Koko da zinariya

Abin da ya mai da Gwalkwas matattarar baƙi shi ne koko. Ana danganta yaɗuwarsa da wani maƙeri, Tetteh Quarshie, wanda ya komo da irinsa daga tsibirin Farnando Fo a 1879. Zuwa 1911 ƙasar ta fi kowace ƙasa a duniya fitar da koko. Ga ramukan zinariya a Obuwasi da Tarkwa, ga aikin reluwe, ga tashar jiragen ruwa ta Takoradi da aka buɗe a 1928. Hannuwan 'yan ƙasa ba su isa ba.

Mosawa suka yi ta gangarowa daga ƙasar Bolta ta Sama, wadda ake kira Burkina Faso yanzu, suna gudun harajin Faransa da aikin tilas. Gudun nan ya dami Faransawa ƙwarai, har yana cikin dalilan da suka sa suka rushe wannan ƙasa a 1932, suka haɗa babban rabonta da Kodebuwa don a karkata leburori zuwa gonakin can. Ba a soke aikin tilas a ƙasashen Faransa ba sai 1946. Zabarmawa suka zo daga Nijar, suna dako da ƙananan sana'o'i a kasuwanni. Yarabawa, musamman mutanen Ogbomosho da kewaye, suka kafa tireda har cikin ƙananan ƙauyuka. Hausawa suka riƙe goro da fawa da cinikin shanu da malanta, harshensu kuma ya zama harshen zango da na barikin soja da na 'yan sanda. Alhassan Ɗantata da kansa ya zauna a Ankara, watau babban birnin da ake rubutawa Accra, yana aika goro ta jirgin ruwa zuwa Ikko, kafin ya koma Kano ya shiga cinikin gyaɗa. A gonakin koko kuwa aka saba da tsarin da ake kira abusa, inda baƙo zai kula da gona ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku na amfaninta.

Amma akwai wani gibi da ba a kula da shi ba. A kudancin Gana ƙasa ta kujerar sarauta ce, kuma ana sanin mutum ne da garinsu da kujerar da kakanninsa suka bi. Ɗan zango yana zaune ne bisa filin da aka ara wa shugabansa, kamar yadda Malam Baƙo ya sami filin Sabon Zango a Ankara a farkon ƙarni na 20. Ko an haife shi a nan, an haifi ubansa a nan, idan aka tambaye shi garinsu sai ya ce Kano ko Katsina, gama ba shi da wata amsa da mai tambayar zai karɓa. Hausawa sukan ce baƙo raɓa ne, amma wannan raɓa ta kwana ta yini, ta yi shekara 50 ba ta tashi ba.

Ƙidayar 1960 ta nuna girman al'amarin. Cikin mutum miliyan 6.7, kimanin 827,000, watau kashi 12 cikin 100, an rubuta su 'yan asalin waje. Mutanen Togo ne suka fi yawa, sai na Bolta ta Sama, sai na Nijeriya, waɗanda suka kai wajen 190,000. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na dukan waɗannan baƙi a Gana aka haife su.

Zamanin Nkrumah

Gana ta sami mulkin kai ran 6 ga Maris 1957, a ƙarƙashin shugaban da ya fi kowa kiran haɗin kan Afirka. Kwame Nkrumah ya tara taron al'umman Afirka a Ankara a Disamba 1958, ya buɗe ƙofa ga masu fafitikar neman 'yanci daga ko'ina, ya kuma karɓi dattijon masanin nan baƙar fatar Amurka, Du Bois, wanda ya zama ɗan Gana ya rasu a can a 1963. Duk da haka a zamaninsa ne aka ƙera makaman da aka sari baƙi da su daga baya.

Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ba ta wadatu da haihuwa kaɗai ba, sai an haɗa da asalin iyaye. Sa'an nan siyasa ta shigo. Mutanen zango da yawa sun bi Jam'iyyar Musulmi, MAP, wadda ta haɗa kai da 'yan hamayyar Asanti a kan jam'iyyar CPP mai mulki. Ba a cika wata shida da samun mulkin kai ba Majalisa ta zartar da dokar korar baƙi, aka fara da wani ɗan jarida mutumin Saliyo, Bankole Timothy, da manyan shugabannin MAP biyu na Kumasi, Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zango, da Alhaji Usman Lardan. Alhazan nan biyu suka garzaya kotu, suka ce su 'yan Gana ne, a nan aka haife su. Kafin alƙali ya yanke hukunci, sai Majalisa ta yi wata doka ta musamman a Agusta 1957, mai ɗauke da sunayen mutum biyun nan, wadda ta kashe ƙarar ta kuma ba da ikon fitar da su. Aka kai su Nijeriya. Ko me ake zarginsu da shi, gwamnatin da ta tabbata mutum baƙo ne ba ta bukatar hana kotu ta duba. Wannan shi ne karo na farko da aka nuna wa ɗan zango cewa ana iya yanke maganar asalinsa a ofishin minista.

A 1958 Gana ta fita daga tarayyar kuɗin nan, ta buga nata fam, a 1965 kuma ta koma sidi. Da kuɗi ya bambanta, fasa-ƙwaurin koko ya tashi, tsaron iyaka ya ƙaru. A 1963 aka yi Dokar Baƙi, wadda ta wajabta wa duk wanda ba ɗan ƙasa ba ya mallaki takardar izinin zama. Dokar ta shiga littafi ta kwanta. Ba a buɗe ofisoshin da za su ba mutum dubu ɗaruruwa takarda ba, ba a kuma bi zango da gonaki ana shela ba. Leburan gonar koko bai san an yi ta ba.

Kwana 14

Farashin koko ya faɗi warwas a 1965, soja suka tumɓuke Nkrumah ran 24 ga Fabrairu 1966, suka tarar da bashi da rashin aikin yi. Gwamnatin soja ta yi ta kai da kawo a kan maganar baƙi. A 1967 ta yi dokar da ta ba duk wanda aka haifa a ƙasar 'yancin zama ɗan ƙasa, a farkon 1969 ta janye. A 1968 ta keɓe wa 'yan ƙasa waɗansu ƙananan sana'o'i. A Yuli 1969 kuma ta ba ofisoshin jakadanci wata tara su yi wa mutanensu takardu.

Wa'adin bai cika ba sabuwar gwamnatin farar hula ta Firayim Minista Kofi Busia ta hau. Ran 18 ga Nuwamba 1969 ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya samo ta cikin kwana 14, ko kuwa ya bar ƙasar kafin ran 2 ga Disamba. Hujjojin da aka bayar su ne waɗanda aka saba ji a ko'ina: baƙi sun cinye ayyukan 'yan ƙasa, sun mamaye kasuwa, suna fitar da kuɗi waje, su ne masu fasa-ƙwaurin lu'ulu'u, su ne suka cika gidajen kurkuku. Gwamnati ta ce ita ba sabuwar doka ta yi ba, ta 1963 ce kawai ta ce a bi.

Bisa harafin doka wannan magana gaskiya ce, kuma a nan ne darasin yake ga ma'aikacin gwamnati. Ba a ba da izinin zama sai ga mai fasfo. Ba a ba da fasfo sai ofishin jakadancin ƙasar mutum ya gamsu cewa shi nata ne. Mutumin da ya shigo da ƙafa a 1935, lokacin da babu ƙasar da ake kira Gana, babu jakadan Nijeriya ko na Nijar a ko'ina, da wace takarda zai gamsar da wani? Ɗansa da aka haifa a zangon Kumasi, ba a rubuta haihuwarsa a ko'ina ba, wace ƙasa ce za ta ce nata ne? Ofisoshin jakadancin duk a Ankara suke, ma'aikatansu ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, ga Nijeriya kuma tana cikin yaƙin basasa wanda bai ƙare ba sai Janairu 1970. An nemi mutane da takardar da hukuma ba ta taɓa tanadar hanyar ba su ba, aka kuma ba su makon biyu.

Yawanci ba su jira 'yan sanda ba. Suka sayar da gidaje da rumfuna da kekunan ɗinki a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, waɗansu suka bar wa maƙwabta amana, amanar da ba duka aka mayar ba. Kuɗin mota ya ninka. Jama'a suka taru a tashoshin mota da bakin tashar jirgin ruwa da kan iyakar Aflawo, suna kwana a fili da yara da tsofaffi, waɗansu suka mutu a hanya. An raba aure, gama da yawa sun auri 'yan ƙasa. Abin ya shafi har 'yan arewacin Gana, waɗanda suke zaune a zango suna jin Hausa, domin a idon mutumin kudu duk mai riga da hula baƙo ne. Alƙaluman waɗanda suka fita sun sha bamban, daga kimanin 200,000 da hukuma ta ƙirga zuwa rabin miliyan ko fiye da waɗansu masu bincike suka ƙiyasta. Abin da ba a gardama a kansa shi ne ƙidayar 1970, wadda ta nuna baƙi sun komo ƙasa da kashi 7 cikin 100. Wani ɓangare na wannan raguwa kuwa ba tafiya ba ce: mutane sun koyi cewa faɗin asalinsu ga mai riƙe da alƙalami hatsari ne.

Waɗanda suka isa Nijeriya da Nijar, da yawansu ba su taɓa ganin ƙasar da aka ce tasu ce ba. Yaransu sun fi jin Tuwi, harshen Asanti, da Hausar zango, a garuruwan kakanninsu kuma ana kiransu 'yan Gana.

Ribar da aka yi wa jama'a alkawari ba ta zo ba. A 1970 aka ƙara wata doka ta keɓe wa 'yan ƙasa kasuwanci. Waɗansu sun gaji rumfuna, amma ba su gaji jari da bashin amana da sanin hanya da masu rumfunan suka tafi da su ba, ƙauyukan da Bayarabe ke kai wa sabulu da kananzir suka rasa mai kai musu. Manoman koko suka yi ta kukan rashin ma'aikata. A Disamba 1971 Busia ya karya darajar sidi da kashi 44 cikin 100, ran 13 ga Janairu 1972 kuma Kanar Acheampong ya kifar da shi.

Abin da ya ci Doma

Cikin shekarun 1970 arzikin Gana ya durƙushe, tsadar kaya ta haura kashi 100 cikin 100 a 1977, a daidai lokacin da man fetur ya cika Nijeriya da kuɗi. Sai tafiya ta juya. Malaman makaranta da magina da teloli da masu gyaran takalma suka nufi Ikko da sauran garuruwa, har makarantun sakandare da yawa na Nijeriya suka dogara ga malamai 'yan Gana. An kafa ƙungiyar ECOWAS a Ikko a 1975, a 1979 kuma aka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar da ta ba ɗan kowace ƙasar ƙungiyar ikon shiga wata ba tare da biza ba, har kwana 90. Mutane suka ji maganar shiga, ba su ji ta kwana 90 ba, hukuma ma ba ta tuna musu ba muddin ana bukatarsu.

Da farashin mai ya faɗi, ga zaɓe yana tafe, ga tarzomar Maitatsine ta 1980 ta sa ana zargin baƙi, sai ran 17 ga Janairu 1983 Ministan Harkokin Cikin Gida na gwamnatin Shehu Shagari, Alhaji Ali Baba, ya ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya fita. Kimanin mutum miliyan biyu suka tashi, wajen rabinsu 'yan Gana. Jakar leda mai ratsi-ratsi da suka zuba kayansu a ciki har yau da sunansu ake kiranta, Gana-mas-go.

Wani abin takaici shi ne ƙofar gida a rufe take. Gwamnatin Rawlings ta rufe iyakokin Gana tun Satumba 1982, don maganin fasa-ƙwauri da tsoron juyin mulki. Togo da Benin, da suka ga haka, suka ƙi bari taron ya shigo musu ya maƙale. Dubban mutane suka yi kwanaki a kan iyaka da tashar Apapa ba ruwa ba abinci, sai a ƙarshen Janairu Gana ta buɗe Aflawo. Ƙasa mai mutum miliyan 12 ta karɓi kusan miliyan guda cikin 'yan makonni, a shekarar fari da gobarar daji da yunwa. Abin da ya cece ta shi ne abin nan da ɗan zango ya rasa a 1969: kowane ɗayansu yana da garinsu. Aka zuba su a motoci aka kai kowa ƙauyensu, dangi suka karɓe su, ba a kafa sansani mai daɗewa ba. A 1985 gwamnatin Janar Buhari ta sake yin wata korar.

Daga 1989 zuwa yau

Tun daga nan Gana ba ta sake korar baƙi jumla ɗaya ba. A 1989 aka kafa hukumar shige da fice mai zaman kanta. A 1990 aka buɗe sansanin Buduburam domin 'yan gudun hijirar Laberiya, a 1992 aka yi dokar 'yan gudun hijira. Da yake ƙasar ta koma mai 'ya'ya a waje masu aiko da kuɗi gida, dokokin shekarar 2000 suka yarda ɗan Gana ya riƙe fasfo biyu, suka kuma buɗe hanyar zama na dindindin ga jikokin bayin da aka kwashe zuwa Amurka da tsibiran yammacin teku. A 2016 aka fara ba 'yan Afirka biza a filin jirgin sama. A 2019, wadda aka yi wa laƙabi da Shekarar Komowa, aka rantsar da mutum 126 daga cikin jikokin nan suka zama 'yan ƙasa. Ƙidayar 2021 ta sami mutum miliyan 30.8, waɗanda suka ce su baƙi ne kuwa kimanin kashi 1 ne cikin 100.

Tsohuwar rigimar kasuwa dai ba ta mutu ba. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa ciniki a cikin kasuwa, ta kuma ɗora wa baƙon da ke son buɗe kanti sharaɗin jarin dala miliyan ɗaya. Da wannan doka ƙungiyar 'yan kasuwar Gana ta riƙa garƙame shagunan 'yan Nijeriya a Kumasi da Ankara a 2019 da 2020, a daidai lokacin da Nijeriya ta rufe nata iyakokin na ƙasa, daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Kowace ƙasa tana karanta wa 'yar'uwarta yarjejeniyar ECOWAS, tana kuma taka ta.

Mutanen zango sun sami girma a idon hukuma. Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, haifaffen Ankara mai asalin Hausa, an naɗa shi Babban Limamin ƙasa a 1993, a 2017 kuma aka kafa asusun raya zanguna. Amma tambayar asali tana tasowa duk lokacin da za a yi katin shaida ko rajistar zaɓe. Tsarin mulkin 1992 ya rataya zama ɗan ƙasa bisa iyaye da kakanni, a Yuni 2020 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa takardar haihuwa ba ta isa shaida ba, gama ba ta tabbatar da ƙasar iyayen mai ita. Wanda ba shi da fasfo ko katin ɗan ƙasa, a rajistar shekarar nan, sai ya kawo mutum biyu masu rajista su tsaya masa. Bayan shekara 63 da mulkin kai, jikan falken Salaga ya sake neman mai gida.

A kan iyakar arewa kuma wani sabon al'amari ya taso. Ran 29 ga Janairu 2025 Burkina Faso da Mali da Nijar suka kammala ficewa daga ECOWAS, watau ƙasashen da Mosawa da Zabarmawa da fataken shanu da albasa ke fitowa. A ranar nan ƙungiyar ta ba da sanarwa cewa a ci gaba da karɓar fasfo da katin mutanen ƙasashen uku, a kuma bar su su yi ta shige da fice ba biza, har zuwa lokacin da za a ba da wata sanarwar.